Garwashin Tunau a Ƙasar Tsatsa

A garin Tamawa, tun zamanin da ake haƙo ƙarfe daga ƙasa ba daga kasuwa ba, an yi wani maƙeri wai shi Tunau. Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma in girman kai kaya ne, to na Tunau sai an nemo masa jaki.

Wutar maƙerarsu ta gado ce. Tun da kakan kakansu ya hura ta ba ta taɓa mutuwa ba, kuma muddin tana raye, wuta ba ta cin wanda ke riƙe da maƙerar. Tunau kan ɗauki jan ƙarfe da hannu kamar mai ɗaukar dafaffen rogo, ya lasa, ya ajiye. Da ubansu zai rasu sai ya tsallake babban ɗansa Arzika ya miƙa wa Tunau masaba, don hannunsa ya fi kyau. Arzika ya koma bayan zugazugi ya zauna, yana zuga wa ƙanensa wuta.

Ladan da yake samu kuwa gori ne. Tunau kan dube shi a gaban manoma ya ce, "Yaya, kai dai Allah ya yi maka sauƙi. Mutane na cin guminsu, kai kana cin iska. Abin da ko akuya take samu kyauta, shi ne sana'arka."

A Tamawa, in wutar mace ta mutu sai ta ɗauki tsingaro ta shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi, ba wanda ke hanawa. Tunau ne kaɗai ya hana. Wata safiya bayan ruwa ya kwana yana zuba, Tabawa mai daddawa ta leƙo maƙera da tsingaronta, jikinta duk a jiƙe.

Ta ce, "Ɗan nan, ruwa ya kashe mini murhu, ga kalwa na jiƙa. A taimake ni da ɗan garwashi."

Tunau ya toshe hanci ya ce, "Ke tsohuwa, wutar da ta ƙera takubba ce za ta koma dafa ɗoyi? Ja can!"

Ta juya ta tafi. Jim kaɗan Arzika ya miƙe ya ce zai zaga, ya bi ta ƙofar baya riƙe da wani abu cikin ɗan kasko. Tunau bai ko ɗaga kai ba, don a wurinsa shigar Arzika da fitarsa duk ɗaya ne.

Ana nan sai ramin tamar garin ya ƙare. Aka haƙa gabas aka haƙa yamma, ba komai sai farin dutse. Ran nan da rana tsaka Tunau ya tsaya bakin ramin shi kaɗai, ya tofa yawu a ciki, ya ce, "Tir da ƙasar da ba ta iya ciyar da gwani ɗaya!"

Rufe bakinsa ke da wuya sai wani aljani ya miƙo daga ramin, dogo siriri, jikinsa ja kamar garmar da aka manta a gona. In ya motsa sai jan gari ya riƙa zuba daga gaɓoɓinsa.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam mai zagin ƙasar da ta haife shi, sunana Tsatsau, manzon Magajiyar Tsatsa. Ka san jan tauraron nan da malamanku ke kira Mirrihu?"

Tunau ya ce, "Na san shi. Ba ya ƙiftawa."

"Duniya ce irin taku, maƙwabciyarku. Jan da kake gani kuwa ƙarfe ne da ya yi tsatsa. Tudunta tama, kwarinta tama, ƙurarta tama. Magajiya ta ce ka zo da wutarka ka ƙera mata allura ɗaya a gabanta. In ka ƙera, tamar ƙasarmu taka ce, mu za mu riƙa kawo maka har ƙofa. In ka kasa, mu maido ka gida, don ba mu da abin da za mu yi da kai."

Ba maganar kasawa ce ta ɓata wa Tunau rai ba, allurar ce. Ya ce, "Allura? Ni? Ka ce mata ta tanadi abin da za ta ɗinka."

Aljani ya ce, "Ka zo da bargo mai kauri. Ka zo da zugazuginku, zan ɗura maka iskar garinku a fatunsu biyu, ɗaya taka, ɗaya ta wutarka. Iskarmu ba ta riƙe rai."

Tunau ya yi dariya har da riƙe ciki. Maƙeri da bargo! Guzurin iska kuma, kamar wanda ya rasa abin ɗauka!

Ya koma gida ya haɗa masaba da awartaki da buhun gawayin kirya. Ya zaɓi garwashi mafi girma ya sa a kasko ya lulluɓe da toka. Sa'an nan ya yi abin da ba maƙerin da ya taɓa yi a zuriyarsu: ya ɗauki tulun ruwa ya nufi sauran wutar.

Arzika ya riƙe masa hannu ya ce, "Tunau, don girman Allah ka bar ko ƙwaya ɗaya. Ba ka san abin da hanya za ta yi ba."

Tunau ya ce, "In bar maka, in dawo in tarar kana Sarkin Maƙera? Sake ni, Yaya."

Ya tuntsurar da tulun. Wutar ta yi tsuwa, farin hayaƙi ya tashi, maƙera ta yi sanyi a karon farko. Arzika ya zauna daɓas yana hawaye. Duk da haka ya jawo bargonsa ya miƙa wa ƙanensa, Tunau ya ture shi da ƙafa.

Da magariba Tsatsau ya ɗura iska a zugazugi ya toshe bakinsu, ya saɓa Tunau a wuya, ya yi sama. Tamawa ta koma kamar faifai, ta ɓace. Duniya duka ta zama ɗan shuɗin dutsen wuya a cikin baƙi, jan tauraro kuwa yana ta girma har ya cika ido.

Suka sauka da hantsi, in dai wannan hantsi ne. Rana ƙarama ce, ta yi nisa, haskenta ba ɗumi. Sama launin ruwan kududdufi. Ko'ina ja, duwatsu a warwatse har iyakar gani, ba ciyawa, ba tsuntsu, ba ko ƙuda. Tunau ya buɗe baki zai yi kirari, ya ja numfashi, ya ji ba abin da ya shiga. Idanunsa suka firfito. Ya rarumi bakin zugazugi ya zuƙa kamar jariri a nono.

Tsatsau ya ce, "Yaya ka ji abincin akuya?"

Tunau ya yi kamar bai ji ba. Ya duƙa ya dumbuzi ƙasa ya murza, ya ga lalle tama ce, nan take ya manta da wuyar da ya sha. Ya yi tsallen murna, sai ga shi ya tashi sama da tsayin ɗaki, ya sauko a hankali kamar gashin kaza. Buhun gawayi ma ya zama kamar na auduga. Ya ce, "Ka gani? Ƙasar ma ta san wanda ya zo."

Suka kama hanya. Suka iso wani kwari mai faɗi, yashinsa a kwance da zanen igiyar ruwa, amma ko ɗigo babu. A tsakiya ga wani tsohon aljani zaune cikin kwalekwalen dutse, riƙe da gorar tuƙi.

Ya ce, "Ya kai baƙo, ni ne Sarkin Ruwan wannan kogi. Fito za ka yi?"

Tunau ya ce, "Fito a kan yashi? Tsoho, kogin naka ya yi ƙaura bai yi maka sallama ba."

"Kogin nan ya taɓa haɗiye tsaunuka. Ruwansa na nan ƙarƙashin ƙafarka, ya daskare ya fi dutse tauri. Ba a wuce ni sai an biya. Ladana shi ne in shaƙi iskar ƙasarku sau ɗaya."

Sau ɗaya aka ce. Amma Tunau, don ya nuna shi ɗan masu abu ne, ya saita zugazugi a fuskar tsohon ya yi ta dannawa. "Sha! Sha ka ƙoshi! A garinmu ko kare ba ya godiya a kanta."

Tsohon ya lumshe ido. Ya ce, "Na ji ƙasa bayan ruwan fari. Na ji hayaƙin kara. Na ji wani abu mai ƙarfi da ake dafawa a tukunya." Ya fashe da kuka, hawayen na bushewa tun kafin su kai kumatu.

Tunau ya ce, "Daddawa ce, wawa. Ɗoyi kake wa kuka." Ya wuce abinsa.

Gaba kaɗan suka shiga filin guguwa. Ga su nan tsaitsaye, jajaye, kowace ta fi rimi goma tsawo, suna juyi suna kewaya juna. Ɗaya ta taso musu gadan-gadan. Tunau ya durƙusa ya rufe kai yana salati, wanda rabonsa da shi an daɗe. Guguwa ta bi ta kansa ta wuce. Ya shafa kai ya ji hularsa na nan daram, ko karkacewa ba ta yi ba.

Ai sai ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya ce, "Wannan ce guguwarku? Girman banza! Tsaya ku ga iska ta gaskiya." Ya bi su da zugazugi yana fesawa, yana tsalle yana ihu, muryarsa na fita siririya kamar daga cikin rijiya. Tsatsau ya tsaya yana kallonsa, irin kallon da ake wa mahaukacin da ke wasa da tuwonsa.

Daga nan ƙura ta tashi ta rufe rana, sanyi ya sauko. Ba irin sanyin da ake hura wuta a kore shi ba ne. Gemun Tunau ya yi fari ya ƙage, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Ya rungume kasko a ƙirji, yana tafe yana ba garwashi iska, yana ba kansa. Sau da yawa bargon Arzika ya faɗo masa a rai, sau da yawa ya kore shi. Suka bi gefen wani rami da ba a hango wancan bakinsa, suka zo gindin wani tsauni da kansa ya wuce ƙurar ya shige baƙin sama. A gindinsa akwai kogo, a cikin kogon akwai fada.

Daɓen fadar ƙanƙara ne. Aljanu jajaye na zaune jere a jikin bango, ba mai motsi. Magajiyar Tsatsa na bisa karagar baƙin dutse, tsohuwa tukuf, hannayenta cikin hammata. Ba ta dubi Tunau ba, kaskon ta duba.

Ta ce, "Ya kai ɗan laka, da gaske ka zo da ita?"

Tunau ya so ya yi kirari, haƙoransa suka hana shi. Ya ce, "Na zo da ita. A ba ni wuri."

Ya kafa dutse a matsayin uwar maƙera, ya tara gawayi, ya zuba jar ƙasa, ya tone toka ya ɗauko garwashi da yatsu ya sa a tsakiya. Sa'an nan ya waiwaya bayan zugazugi zai ce, "Yaya, zuga." Ba kowa. Dole ya zauna da kansa a wurin da bai taɓa zama ba, ya kama fata.

Ashe zuga ma iyawa ce. Ya danna da ƙarfi, toka ta tashi ta cika masa ido. Ya sassauta, gawayi ya yi baƙi. Da ƙyar ya samu wuta ta kama, ta yi ja, ta ba da harshe. Nan take fadar ta motsa. Aljanu suka matso da rarrafe. Magajiya ta sauko daga karaga, ta zaro hannayenta ta ɗora bisa wutar, ta lumshe ido.

Tunau ya saki zugazugi ya ɗauki awartaki. Kafin ya miƙa hannu wuta ta kwanta. Ya koma ya zuga, ta tashi. Ya saki, ta kwanta. Wutar ba ta da abin ci a ƙasar nan sai abin da ya ba ta da hannunsa. Ya yi ta kai da komo kamar kazar da aka yanke wa kai, har ya samu ɗan guntun ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ɗaga masaba ya buga. Masabar da kan girgiza maƙera a Tamawa ta sauka kamar muciya, kuma kafin bugu na biyu ƙarfen ya huce.

Ya koma ga fatar wuta ya danna, ta lotse, ba ta taso ba. Ta ƙare. Ya jawo tasa ya juya bakinta ga wuta, ya ba ta, ya zuƙa, ya ba ta, ya zuƙa. Iskar da ya fesa wa tsohon kogi da guguwa, yanzu da zai ga ko rabinta da ya durƙusa mata.

Ta bakin kogo ana hango rana tana faɗuwa, kuma faɗuwar ranar ƙasar nan shuɗiya ce, ba ja ba. Gawayi ya mutu duka. Garwashin gado kaɗai ya saura, ya ƙanƙance kamar idon zakara. A fatar kuwa abin da ya rage bai fi cikin tafi ba.

Magajiya ta ce, "Ya kai ɗan laka, saura shaƙa ɗaya. Ko kai, ko ita. In ka ba ta, manzona zai kai ta gidanku da ranta, ya kai gawarka tare. In ka sha, ya kai ka da toka."

Tunau ya dubi garwashin. Kakan kakansa ya hura shi, ubansa ya tsallake ɗan fari ya damƙa masa. Shi ne mutumin da ya sha cewa ko mutuwa ba ta raba shi da wutar nan. Ƙirjinsa ya ɗaure, idonsa ya fara duhu. Ya kafa baki a zugazugi ya zuƙe tas.

Garwashin ya yi fari, ya mutu.

Magajiya ta mayar da hannayenta hammata, ta hau karaga. Ta ce, "Allura! Me zan ɗinka a ƙasar da ba ta da zare? Ɗumi na so in ji sau ɗaya, na kuwa ji. Mun taɓa yin koguna da gajimare da wuta kamar ku. Muka ce ƙarfe ne dukiya, iska ba komai ba ce. Ƙarfen ya shanye iskar ya zama abin da kake takawa. Na aika a nemo mini wanda zai ɗauko wutar gidansu duka ya kawo nan da ƙafarsa, aka ce ba za a samu wawa irin wannan ba. Manzona ya ce akwai ɗaya a Tamawa. Tsatsau, ɗauke shi, yana zubar mini da toka a daɓe."

Tunau ya farfaɗo a bakin ramin tama, rana ta fito, kuraye sun bar sawu kewaye da shi, ko su ba su ga abin ci a jikinsa ba. Iska ta shiga ƙirjinsa da kanta, ba wanda ya danna. Tana ɗauke da warin turke da hayaƙi da daddawa. Ya kwanta yana haɗiyarta yana kuka.

Da ya koma gari, ya tarar da Arzika zaune a maƙera mai sanyi. Ya ajiye kaskon toka a gabansa, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Yaya, ta mutu."

Arzika ya dubi tokar. Sa'an nan ya tsinci tsingaro a ƙasa ya miƙa masa. Ya ce, "Tashi mu je gidan Iya Tabawa."

"Me za mu yi a can?"

"Ran da ka kore ta, na bi ta da garwashi. Ka san tukunyar kalwa ba ta sauka daga murhu, in an sauke wannan an ɗora waccan. Tun ranar wutarta ba ta mutu ba. Tamu ce."

Sarkin Maƙeran Tamawa ya ratsa gari da tsingaro a hannu, mata na leƙowa ta kan danga. Suka yi sallama. Tabawa na zaune gaban murhu tana tura itace, ba ta ko juyo ba.

Tunau ya durƙusa ya ce, "Iya, a taimake ni da ɗan garwashi."

Ta ce, "Wa nake ji? A'a, Sarkin Maƙera da kansa! Ai wutar nan ta lalace, ɗan nan, ɗoyi take dafawa. Ba ka toshe hancin ba?"

Tunau ya miƙa mata tsingaron.

Ta ce, "Ni ba na hana wuta, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Ga ta nan, ɗiba."

Tunau ya ga garwashi ja, zuciyarsa ta yi tsalle. Ya ajiye tsingaro ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, ya damƙi mafi girma. Ƙarar da ya yi har bakin kasuwa an ji ta. Ya yarfar, ya tsoma hannun a ruwan kalwa, fatar tafinsa ta tashi fari.

Garwashin ya gangara ya tsaya gaban Arzika. Arzika ya duƙa ya ɗauke shi da yatsu biyu, ya hure masa toka, ya riƙe a tafin hannu, bai ko yamutsa fuska ba.

Tabawa ta ce, "Wuta ta san wanda ya bar ta da rai."

Kafin damina ta kama, manoma suka tattaro tsofaffin garemani aka narke aka sake ƙerawa, Tamawa ta yi shuka. Arzika ne a gaban uwar maƙera. Wanda ya leƙa bayan zugazugi kuwa zai ga Tunau da tabo a tafin hannu, yana dannawa yana sassautawa. In wata ta shigo da tsingaro, shi ke tashi ya ɗebo mata, da awartaki.